Aiken Fadila

Malam Zakariyya ya zaro makullin gidansa daga aljihu, ya kankare gefen lagireton a inda ido ba ya kaiwa. Baƙin fentin ya ɗaye, farin ƙarfe ya bayyana.

"Alminiyam ne," in ji shi.

Mai shagon, wani mai suna Isa, ya karɓi abin yana duba wurin da aka kankare. "Haba Baba, ai ka ɓata min kaya. Duk masu sanyaya kwamfuta da ruwa a garin nan irinsa suke sakawa."

"Su nawa ne a garin?"

Shago na biyar ke nan da Malam Zakariyya ya shiga a layin masu kayan kwamfuta na Babbar Kasuwar Kaduna tun ƙarfe tara na safe, kuma Isa ne kaɗai ya gane abin da ake tambaya. Sauran huɗun fanka suka miƙo masa. Ɗaya ma dariya ya yi, ya ce ina ruwa ina kwamfuta.

Ya sake warware takardar da ke hannunsa. 'Yarsa Fadila ce ta rubuta ta jiya da yamma a kan gadon asibiti, a bayan takardar magani, rubutun ya karkace saboda allurar ƙarin ruwa da ke bayan hannunta. Lagireto na jan ƙarfe, kada a karɓi na alminiyam. Tiyo mita shida, faɗinsa milimita goma a ciki, sha shida a waje. Mahaɗai huɗu daidai da tiyon. Ruwan batir, marar asid. A ƙasa ta ja layi ta ƙara: Baba, kada ka dawo sai ka samu duka.

Shekarun Fadila ashirin da bakwai. Zanen gine-gine ta karanta, amma ciwon sikila ya cinye mata ƙashin ƙugu tun kafin ta gama, ba ta iya zirga-zirgar ofis. Daga ɗakinta a Unguwar Sarki take aiki, tana fitar wa magina hoton gida kamar an riga an gina shi, har da inuwar bishiya a jikin bango. Kwamfutar da take aikin da ita, in ta ɗauki zafi, ɗakin komawa yake kamar gidan burodi. A bazarar da ta wuce sau biyu gumi yana ƙarar mata da ruwan jiki, ciwon ya tashi. Shi ya sa ta yi dabarar sanyaya kwamfutar da ruwa: a huda bango, a fitar da tiyo, a kafa lagireton a waje, zafin ya tafi can. Wata takwas ta yi tana tara kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta samu ɗan tanki, da ƙaramin famfo mai tura ruwa, da farantin jan ƙarfe da ake ɗorawa a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kafin ta kai ga sauran, ciwo na uku ya kwantar da ita. Yau kwananta huɗu a asibiti.

"Ka ji, ɗana," Malam Zakariyya ya ce wa Isa. "Shekara talatin da uku na yi a hukumar ruwa kafin in yi ritaya. In ka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a ruwa ɗaya, ɗaya cinye ɗaya yake yi. Ba za a yi wata shida ba lagireton nan ya huje, ko garinsa ya toshe farantin."

"Ai akwai maganin da ake zubawa."

"Magani jinkiri yake kawowa. Kawo mahaɗan in gani."

Isa ya zazzage su a kan teburin gilashi, ya ajiye naɗin tiyo a gefensu. Malam Zakariyya ya fito da tsohon ma'auninsa na ƙarfe mai baki, ya auna tiyon, ya auna zoben mahaɗin. Tiyon ya yi daidai da takarda. Zoben kuwa na tiyo mai milimita sha uku ne, ya yi wa wannan girma, ba zai kama shi ba. Ya juya mahaɗin ya dubi haƙoransa, ya daɗe yana kallo. Haƙoran kwatar inci ne, irin na agogon awon ƙarfin ruwa da ya yi ta ɗaurawa a jikin bututu tun yana saurayi. Ashe duk wannan abin da yake gani kamar na wata duniya, da haƙorin masu famfo aka yi shi.

"To na jan ƙarfen fa, ina zan samu?"

"Gaskiya Baba, ba a Kaduna ba. Ko a Legas sai an yi odarsa daga waje."

Ya sayi tiyon, ya ba Isa haƙuri a kan kankarar da ya yi masa, ya fito. Rana ta take. Yana ratsa 'yan atamfa wayarsa ta yi ƙara. Matarsa Saratu ce.

"Kana ina?"

"Kasuwa."

Yana jiyo ƙarar gadon ƙarfe da ake turawa a bayanta.

"An ƙara mata iska. Likita ta ce ciwon ya hau ƙirji. Za a sauya mata jini, 'ya'yan yayana sun zo sun bayar, ana dubawa."

"Ita ce ta aike ni, Saratu."

"Na sani," ta ce, ta kashe.

Ya tsaya a gefen hanya da ledar tiyo a hannu. Keke napep biyu suka tsaya masa, ya ɗaga musu hannu suka wuce. Asibitin bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba daga nan.

'Ya'ya uku Allah ya ba su. Lokacin da suka yi aure ba a san wani gwajin jini ba. Suhaib ya rasu yana da shekara tara. Ranar, babban bututu ya fashe, Malam Zakariyya ya tafi wurin alhali ba ranar aikinsa ba ce, yana cikin rami ruwa iya ƙugu aka zo aka faɗa masa. Ilham ta kai sha huɗu. Ita kuma, ya fita neman wata allura, ya same ta a kantin farko, amma ya ci gaba da zagaya kantuna wai yana neman ta kamfanin da ya fi kyau. Da ya dawo har an rufe ta da zane. Dukansu biyu a hannun Saratu suka cika. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Abin da kawai ta daina shi ne tambayarsa ko zai zo.

Ba rashin so ba ne, shi ya sani. In ya shiga ɗakin asibiti ya ji yaro yana kiran sunansa cikin ciwo, kuma babu noti ko bawul da zai murɗa abin ya tsaya, ƙafafunsa da kansu suke neman ƙofa.

Keke napep na uku ya tsaya. "Ina zuwa, Baba?"

"Panteka," in ji shi.

A Panteka, kasuwar maƙera da tsofaffin ƙarafa, ƙarar guduma ba ta barin mutum ya ji tunaninsa, abin da yake so ke nan. Ya bi lungun masu tukwane da masu injin niƙa har ya kai rumfar Sabo mai walda, wanda ya yi wa hukumar ruwa ƙananan ayyuka shekaru da yawa. Sabo ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari.

"Injiniya, kai ne da rana tsaka? Ina gajiya? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi." Ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Sabo, lagireton hitar ɗumama cikin tsohuwar Fijo, wanda ke ƙarƙashin gaban direba. Da me ake yinsa?"

"Na da? Jan ƙarfe da tagulla. Na yanzu ne alminiyam da roba."

"Nemo min na da. Biyu in da hali."

Sabo bai tambayi dalili ba. Ya ɓace cikin lungu, ya yi kusan rabin awa, ya dawo da guda uku a cikin buhu, duk sun yi baƙi da ƙura, kowanne bai fi littafi girma ba. Malam Zakariyya ya kankare su ɗaya bayan ɗaya. Ja ya fito a dukansu. Ya ɗaga su ga rana, ya ajiye ɗaya da haƙarƙarinsa suka lotse, ya riƙe biyu.

Daga nan ya shiga 'yan kayan famfo da kansa. Ya zaɓi soket ɗin haɗa bututu huɗu na tagulla masu haƙoran kwata, ya ƙi na farin ƙarfe da aka fara miƙo masa don tsatsa suke yi. A wurin masu injin iska ya samu bakin tiyo na tagulla, milimita goma, da maɗaurai. Ya yanki guntun tiyon ya gwada. Ya shiga da ƙyar, yadda ake so.

Sun yi azahar a masallacin kwano da ke bayan rumfar, suka dawo Sabo ya kunna wuta. Ya yanke tsofaffin bakunan, ya goge, ya ɗora soket, dalma ta narke ta bi gefen kamar mai. Malam Zakariyya na tsugune yana riƙe masa da filaya.

"Wai injin me za a sanyaya da 'yan waɗannan?" Sabo ya tambaya daga baya.

"Kwamfutar Fadila."

Sabo ya ɗago ido mai gani ya dube shi. "Tana gida ke nan?"

"Tana asibiti."

Sabo ya mayar da kansa kan aiki.

Suka wanke cikin da ruwan zafi da lemon tsami, sau biyar, har ruwan ya daina fitowa kore. Suka toshe baki ɗaya, suka nutsa lagireton a baho, Sabo yana bugun famfon keke, Malam Zakariyya yana kallon ruwan. Na farko shiru. Na biyu ya fitar da 'yan kumfa a kusurwa, ƙanana kamar ƙwan kifi. Aka busar, aka sake likewa, aka sake nutsawa. Shiru.

Malam Zakariyya ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda ya manta da shi tun da ya bar aiki. Ya lissafa a ransa: lagireto biyu a jere, tiyo mita uku zuwa, mita uku dawowa, famfon nata zai iya turawa in ba a ɗaga su sama da tankin sosai ba. Har ya fara murmushi. Sai ya tuna rabonsa da duba waya tun kafin azahar. Ya duba. Ba wanda ya kira. Bai san ko hakan alheri ba ne.

Ya sayi galan ɗin ruwan batir a bakin titi, ya ɗanɗana a harshe ya tabbatar babu asid, ya tari keke napep.

Biyar saura ya isa asibitin. Ɗakin mata dogo ne, gadaje goma sha biyu, fanka biyu ne ke juyawa. Gadon Fadila na ƙarshe ne, jikin bango. An ɗaga mata kai da matasai uku. Robar iska ta rufe mata hanci da baki, kuma duk numfashin da ta ja sai kafaɗunta sun ɗaga. Jiya ba haka ya bar ta ba. Leɓunanta sun yi toka, idanun sun yi rawaya sosai. Jakar jini na rataye a gefe ɗaya. Saratu na zaune a kan kujerar roba tana riƙe da ƙafarta, tana matsawa a hankali.

Ya tsaya a ƙarshen gadon da buhu a hannu ɗaya, galan a ɗaya. Ƙafafunsa suka fara abin da suka saba. Ya ajiye galan ɗin don ya samu abin yi.

"Na samu," ya ce. "Duka."

Fadila ta buɗe ido. Ya fito da lagireto ɗaya ya matso da shi kusa da fuskarta, ya nuna mata inda ya kankare, da sabbin soket ɗin, da bakin tiyon. Yana bayani da sauri, na tsohuwar mota ne, jan ƙarfe ne zalla, haƙoran ma irin nasu ne na famfo, an gwada a ruwa ba ya yoyo. Ta ɗago hannu ta shafa haƙarƙarin ƙarfen da yatsa. Ta janye robar kaɗan.

"Baba... yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan."

Ta dube shi, ta dubi mahaifiyarta. Abin da ya gani a fuskarta ba murna ba ce. Tari ya sarƙe ta, Saratu ta mayar mata da robar, ta riƙe ta har ya lafa.

"Malam, zo," in ji Saratu.

Suka fita baranda. Ta gyara mayafinta, ba ta dube shi ba, tana kallon masu jinya da ke wanke kwanuka a bakin famfo.

"Ta san babu lagireton jan ƙarfen nan a Kaduna. Ta daɗe da sani, wata guda yake yi kafin ya iso in an yi oda. Jiya da ka tafi ta ce min, Umma, gobe abin zai yi tsanani, ina ji a ƙirjina. Na ba Baba aikin da zai riƙe shi kwana biyu ko uku. Ki ƙyale shi, kada ki kira shi, ba zai iya gani ba."

Malam Zakariyya ya dafa ginshiƙin barandar.

"Ni ce na kasa haƙuri na kira ka da safe," ta ce. "Ko shi ma ba ta sani ba."

"Me likita ta ce?"

"Ta ce daren nan ne abin ji. In jinin ya karɓe ta, to. Ɗakin masu tsananin ciwo ya cika, sun ce in gado ya samu za su faɗa mana."

Yana tuna Fadila tana 'yar shekara goma sha biyu ranar da aka fita da Ilham, tana zaune a bakin ƙofa tana kallonsa ya shigo da ledar allura a hannu. Bai taɓa zaton ta riƙe wannan ba. Ashe tun ranar ta auna shi, ta san iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma ba ta yi kuskure ba.

Ya koma ciki. Ya tura buhun ƙarƙashin gado da ƙafa, ya jawo kujerar robar ya zauna daf da kanta. Bai san inda ake taɓawa ba. Saratu ta kama hannunsa ta ɗora a kan ƙaurin Fadila, ta nuna masa yadda ake matsawa, ba da ƙarfi ba. Ƙafar da zafi kamar bututun da ya wuni a rana.

Ciwon yana zuwa ne yana komawa. In ya zo, Fadila takan sandare, ta damƙe zanen gado, wani sauti ya riƙa fita ta cikin robar. Karo na farko ya rufe ido. Karo na biyu ya ji gumi na bin bayansa, ya dubi ƙofa, ya ƙirga gadajen da ke tsakaninsa da ita. Bai tashi ba. Karo na uku ta kira shi, ya ce, "Ga ni," muryarsa ta fito kamar ta wani.

Da ya lafa ta yi masa alama ya matso.

"Faɗa min... yadda za ka haɗa."

"Daga tanki zuwa famfo," ya ce. "Tankin a sama, don kada famfon ya sha iska. Daga famfo zuwa faranti. Daga faranti a fita waje, lagireto na farko, na biyu, a dawo tanki."

"Kada ka kunna ta... sai ka gwada."

"Kwana guda cur zan bar ruwan yana zagayawa, kwamfutar a kashe. In shimfiɗa takarda a ƙarƙashin kowane mahaɗi."

Ta gyaɗa kai. Ta rufe ido, hannunta na kan nasa.

Ƙarfe shida wata nas ta shigo tana tafa hannu a hankali. "Masu dubiya, lokaci ya yi. Maza a fita, don Allah."

Mazan da ke sauran gadajen suka fara miƙewa, ana sallama, ana tattara kwanuka. Malam Zakariyya bai motsa ba. Nas ɗin ta iso kansa.

"Baba, sai da safe."

"Ni zan kwana da ita. Uwarta kwana huɗu ba ta runtsa ba."

"Ɗakin mata ne, Baba. Namiji ba ya kwana."

"'Yata ce. A ƙasa zan zauna, in juya wa kowa baya."

"Na sani, Baba. Ka duba sauran marasa lafiyan, wasu ko mayafi ba sa iya riƙewa. Ba ni na kafa dokar ba, kuma dokar tana da dalili." Ta sassauta murya. "Ka je gida ka huta, ka yi mata addu'a. In da wani abu za a kira ka."

Ya dubi Saratu. Ba ta roƙa masa ba, ba ta kuma ce ya tafi ba. Fadila ta samu barci, ko abin da ya yi kama da barci. Ya zare hannunsa daga ƙarƙashin nata a hankali, ya miƙe. Mai gadi ya rufe ƙofar ƙarfen a bayansa.

Hanyar fita tana dama. Ya tsaya har sauran mazan suka wuce, sannan ya bi hagu, ya zagaya bayan ginin, ta gefen kwata da igiyoyin shanya. Ya riƙa ƙirga tagogi har ya kai ta ƙarshe. Ta fi kansa tsawo, gilasanta a rufe, ba ya ganin komai sai hasken fitila. A ƙarƙashinta akwai dakalin siminti mai faɗin taku ɗaya, da sauran zafin rana a jikinsa. Ya kakkaɓe shi da hularsa ya zauna, ya jingina da bango. Sauro suka fara taruwa.

Aka kira magariba. Ya yi alwala a famfon masu jinya, ya yi salla a wurin a kan rigarsa ta sama, ya koma ya zauna. Ya fito da waya ya rubuta wa Saratu: Ina bayan tagarku. Ya ga alamar ta karanta.

Can sai ya ji ƙarar ƙarfe a saman kansa. Gilasan tagar suka karkata, suka buɗe kaɗan. Ƙarar iskar da ake ba Fadila ta fito, tare da numfashinta, gajere, da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya.

"Tana ji," muryar Saratu ta ce daga ciki. "In za ka yi magana, yi."